Kwangilar tace bayanan Hausa daga kamfanin waje: in karɓa ko in bari?

Abu Fatima, daga Zariya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa a kan wata magana da ta tsaya mini a rai, musamman waɗanda suka san harkar ayyukan da kamfanonin fasaha na ƙasashen waje suke rabawa a ƙasashe irin namu. Ina da wata ƙaramar cibiya inda nake koya wa matasa aikin kwamfuta, kuma yawancinsu sun kammala difloma ko digiri amma suna zaune babu aikin yi. Kwanan baya wani kamfani, wanda shi ma ɗan kwangila ne ga wani babban kamfanin da bai yarda ya faɗa mini sunansa ba, ya tuntuɓe ni yana son in samo masa matasa masu jin Hausa da Turanci. Aikin shi ne a riƙa turo musu rubuce-rubuce da hotuna, wani lokaci har da bidiyo, su kuma su duba su rarraba, su nuna wanda zagi ne, da wanda kalaman ƙiyayya ne, da wanda batsa ce, da wanda tunzura jama'a ne, da kuma wanda babu laifi a cikinsa. An ce da waɗannan alamomi ne za a horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira har ta iya gane irin waɗannan abubuwa da kanta.

Da dala za a biya, amma ba albashin wata ba ne. A kan kowane aikin da aka kammala kuma kamfanin ya amince da shi ne ake lissafi, sai ni in karɓa, in cire kasona, in raba wa yaran sauran. Idan aka juya kuɗin zuwa naira, ya fi abin da malamin makarantar kuɗi yake samu a garin nan nesa ba kusa ba, kuma yaran da na ɗan tsegunta wa maganar har sun fara tambayata ranar da za a soma. Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne takardar yarjejeniyar. Ta ce kamfanin yana iya dakatar da aikin duk ranar da ya ga dama ba tare da sanarwa ba, ta ce matasan ba ma'aikatansa ba ne, nawa ne, sannan ta hana su faɗa wa kowa abin da suke gani, har iyalansu. Da na tambayi irin hotunan da za a turo, iyakar amsar da na samu ita ce wasu daga ciki suna iya tayar da hankali.

Tambayata ita ce, shin adalci ne kamfanin da ke ƙasa mai arziki ya ɗauko aikin da ya yi masa tsada a gida, ko wanda mutanensa suke gudu, ya kawo wa talakawan wata ƙasa a kan kuɗi kaɗan, saboda ya san halin da suke ciki ba zai bar su su ƙi ba? Ni kuma idan na tsaya a tsakani, taimakon yaran nake yi, ko kuwa ina cikin masu ci da guminsu ne?

Ummu Sadik, daga Abuja:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Abu Fatima, abin da aka kawo maka an riga an yi irinsa a Kenya, kuma abin da ya biyo baya yana nan a jaridu da takardun kotu, saboda haka yana da kyau ka san shi kafin ka sa hannu a kan komai.

A watan Janairun 2023 mujallar TIME ta wallafa wani bincike da ya nuna cewa kamfanin OpenAI, mai manhajar ChatGPT, ya bai wa wani kamfanin Amurka mai suna Sama kwangila a ƙarshen 2021, domin ma'aikatansa da ke Nairobi su riƙa karanta dubban rubuce-rubuce suna yi musu alama, wato irin aikin da aka kwatanta maka. Rubuce-rubucen sun ƙunshi bayanin kisan kai da azabtarwa da lalata da ƙananan yara, dalla-dalla, ba a sakaya komai ba. OpenAI yana biyan Sama dala 12.50 a kan kowace awa, amma abin da yake shiga aljihun ma'aikacin, a cewar binciken, daga dala 1.32 ne zuwa dala 2. Sama ya musanta wani ɓangare na wannan lissafi, ya ce ma'aikaci yana iya samun daga dala 1.46 zuwa 3.74, kuma kuɗin kwangilar ya haɗa da kayan aiki da albashin masu sa ido. Sai dai ko an ɗauki lissafin nasa, giɓin da ke tsakanin abin da aka biya da abin da ya isa hannun mai aikin a bayyane yake. Sama ya soke kwangilar a Fabrairun 2022, wata takwas kafin cikar wa'adinta.

Wanda ya fi wannan muni shi ne aikin da kamfanin Sama ya yi wa Meta, mai Facebook, na tace abubuwan da ake wallafawa a harsunan Afirka. An tara matasa daga ƙasashe daban-daban a Nairobi, ciki har da 'yan Najeriya masu tace abin da ake rubutawa da Hausa, kuma ɗaya daga cikinsu, Kauna Malgwi, ita ce daga baya ta zama shugabar reshen Najeriya na ƙungiyar masu wannan aiki, har TIME ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a fannin ƙirƙirarriyar basira a 2024. Yadda aikin yake shi ne mutum ya zauna gaban kwamfuta, abubuwa suna zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, ana so ya yanke hukunci a kan kowanne cikin daƙiƙa 50 a matsakaicin lissafi, bai san abin da zai buɗe na gaba ba. Daniel Motaung, ɗan Afirka ta Kudu, ya ce bidiyon farko da ya tuna ya gani na fille kan mutum ne. A 2019 ya yi ƙoƙarin haɗa kan abokan aikinsa su kafa ƙungiya, aka sallame shi, kuma a watan Mayun 2022 ya shigar da Meta da Sama ƙara a Kenya.

Amsar da Meta ya bayar a kotu ita ce ta fi shafar tambayarka. Cewa ya yi waɗannan ba ma'aikatansa ba ne, ma'aikatan Sama ne, kuma shi ba shi da rajista a Kenya, saboda haka kotun ƙasar ba ta da hurumin sauraron ƙara a kansa. Kotun ƙwadago ta Kenya ta yi watsi da wannan hujja a Fabrairun 2023, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hakan a Satumbar 2024. Amma ka lura da tsawon lokacin da aka ɗauka a kan tambaya guda kawai, wato ko za a iya gurfanar da kamfanin, tun kafin a shiga maganar wanda ya yi laifi da diyyar da za a biya. A cikin wannan tsakani Sama ya daina aikin tacewar a farkon 2023, ya sallami ma'aikata kusan 260, sama da 180 daga cikinsu suka shigar da tasu ƙarar, zaman sulhu kuma ya watse a Oktobar shekarar. A ƙarshen 2024 shugaban sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Ƙasa na Kenyatta ya duba su, ya samu sama da 140 suna fama da ciwon firgicin da yake biyo bayan ganin tashin hankali.

Sharaɗin nan da ya ce yaran ma'aikatanka ne, ba na kamfanin ba, shi ne ainihin abin da ake saye a wurinka. Ranar da yaro ya kasa barci, ko aka hana kuɗin wata guda, kai za a zo a tsaya wa a ƙofa, alhali ko sunan wanda yake amfana da aikin ba ka sani ba.

Baban Amira, daga Gombe:

Hajiya Ummu Sadik, Allah ya saka da alheri, kin kawo bayani mai amfani, kuma ban musanta ko ɗaya daga ciki ba. Amma ina jin tsoron kada mu tsorata Malam Abu Fatima ya mayar da abincin da ya zo wa yaran nan har ƙofar gida, sannan mu da muka ba shi shawarar mu koma gidajenmu mu ci namu tuwon.

Mu yi lissafi a fili. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma kowa ya san akwai ɗimbin masu aiki a shaguna da makarantun kuɗi da ko wannan ba sa samu. Idan mutum ya yi aikin awa takwas a rana, kwana 22 a wata, a kan dala 2 kowace awa, ya tashi da dala 352, wanda idan aka lissafa dala a kan naira 1,500 ya kama naira 528,000. Wannan ya ninka mafi ƙarancin albashi fiye da sau bakwai. Ba'amurke ne yake jin dala 2 ya ce an yi zalunci, domin da farashin garinsu yake aunawa. Yaron da ya gama jami'a shekara uku yana zaune a majalisar ƙofar gida ba haka zai ji ta ba. Da babu, gara ba daɗi.

Sannan ƙasashen da muke sha'awar ci gabansu a yau da irin wannan suka fara. Birnin Bangalore na Indiya ya bunƙasa ne a kan ayyukan da kamfanonin Amurka da Turai suka riƙa turawa saboda araha, kuma daga nan kamfanoni irin su Infosys da Wipro suka zama manya a duniya. A Filifin sama da mutum miliyan ɗaya suke cin abinci a cibiyoyin amsa kiran waya da makamantansu. Gwamnatinmu ma abin da take nema ke nan, domin a nan Gombe ne Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da shirin jawo irin waɗannan ayyuka zuwa Najeriya a watan Maris na 2024. Idan muka ce sai an biya ɗan Zariya daidai da ɗan Kalifoniya, babu dalilin da zai sa a kawo aikin Zariya tun farko, kuma wanda zai yi asara ba kamfanin ba ne.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Idan ba Hausawa ne suka yi wannan aiki ba, wa zai yi? Manhajojin nan suna nan tafe ko muna so ko ba ma so, kuma idan ba su koyi Hausa daga bakin masu ita ba, za su riƙa barin kalaman tunzura jama'a suna yawo, suna goge wa'azi da karin magana saboda ba su gane su ba. Shawarata ita ce Malam ya karɓa, ya yi wa yaran adalci a rabon kuɗin, ya kuma faɗa musu gaskiyar abin da ya sani.

Tsohon Ɗan Masaƙa, daga Kakuri, Kaduna:

Baban Amira, ɗana, lissafinka daidai ne a takarda, amma ba shi ne lissafin da ke cikin yarjejeniyar Malam Abu Fatima ba. Ka ɗauka cewa akwai aikin awa takwas kullum, alhali an gaya masa a kan kowane aikin da aka amince da shi za a biya. Ma'anar wannan ita ce yaro zai iya wuni gaban kwamfuta yana jiran a turo aiki ba a turo ba, kuma wannan jiran babu mai biyansa. Zai iya yin aiki ɗari a ce arba'in ba su yi daidai ba, ba tare da an nuna masa inda ya kuskure ba, kuma ba shi da wanda zai kai wa kuka. Daga abin da ya rage za a cire kuɗin data, da man janareta, da gyaran kwamfuta, da kason Malam, sannan babu fansho, babu hutun rashin lafiya, babu kuɗin sallama. Duk waɗannan nauye-nauye ne da mai ɗaukar ma'aikaci ya saba ɗauka, yanzu an sauke su a kan yaron da wanda ya tara shi.

Ni ban ce sai an biya ɗan Zariya kuɗin ɗan Kalifoniya ba, kuma ban ji masu fafutukar Nairobi sun ce haka ba. Farashin shinkafa ya bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka albashi yana iya bambanta. Amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta da farashi biyu. A Amurka ma an yi wannan aikin na tacewa ta hannun 'yan kwangila, a kan kusan dala 15 a awa, kuma da ma'aikatan suka kamu da irin wannan ciwo suka kai ƙara, Facebook ya amince a watan Mayun 2020 zai biya su dala miliyan 52. Wato kamfanin ya san illar aikin, har ya biya diyya a kanta a gidansa, a daidai lokacin da matasan Nairobi suke yin aikin a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan albashi ba. Wannan shi ne abin da zuciyata ta kasa karɓa, domin ba arahar albashi kaɗai aka zo nema ba, har da wurin da cutar da mutum ba ta da tsada.

Game da Indiya, aikin da ya gina Bangalore rubuta manhaja ne da kula da manyan na'urori, aikin da mutum yake fita daga cikinsa da sana'a a hannu. Wanda ya shekara uku yana danna cewa wannan zagi ne, wannan ba zagi ba ne, me zai nuna wa mai ɗaukar aiki na gaba? Ga shi kuma manufar aikin ita ce a koya wa na'ura ta yi shi da kanta, saboda haka duk ƙwazon da yaron ya yi yana matso da ranar da ba a bukatarsa ne.

Na yi aiki a masaƙa a nan Kakuri, kuma na ga lokacin da masaƙu suka fara rufewa a farkon shekarun 2000, na ga abokan aikina sun shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu. Duk da wahalar da aka sha, muna da ƙofar da za mu je mu tsaya a gabanta, muna da ƙungiya, muna da sunan wanda muke bi bashi. Waɗannan kamfanoni ba su da ƙofa. A watan Maris na 2024 dandalin Remotasks, mallakar kamfanin Scale AI, ya rufe wa ma'aikatansa na Kenya da Najeriya da Pakistan hanyar shiga kwatsam, mutane suka wayi gari babu aiki. Bayan wata biyu, ma'aikata 97 a Kenya suka rubuta wa Shugaba Biden buɗaɗɗiyar wasiƙa, gab da ziyarar Shugaba Ruto zuwa Amurka, suka kira yanayin aikinsu bautar zamani. Da shari'a ta yi zafi a Nairobi kuma, sai ga rahoton jaridar Guardian ta Birtaniya a Afrilun 2025 cewa aikin tacewar Meta ya koma Accra, a hannun wani ɗan kwangilar mai suna Majorel, kuma ma'aikatan can suna kokawa da irin abin da na Nairobi suka koka da shi. Duk ƙasar da ma'aikatanta suka ɗaga murya, sai a naɗe tabarma a koma maƙwabciyarta, gwamnatocinmu kuma suna rige-rigen nuna cewa nasu matasan sun fi araha kuma sun fi haƙuri.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ranar 1 ga Mayun 2023, lokacin da masu wannan aiki kimanin 150 suka taru a Nairobi suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyarsu ta Afirka baki ɗaya. Sun fahimci cewa idan ƙungiyar ta tsaya a ƙasa ɗaya, kamfani zai tsallake iyaka ya bar ta.

Abu Fatima, daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Hajiya, da Baban Amira, da Baba. Na karanta bayananku a tsanake, kuma kowannenku ya taɓa wani abu da yake gaskiya. Abin da ya rage mini shi ne wannan: idan na ƙi, na tabbata kamfanin zai sami wani a Zariya ko Kano wanda ba zai yi ko tambaya ɗaya ba, kuma wataƙila yaran nan nawa ne za su tafi wurinsa. Shin wannan ya isa hujjar da zan karɓa, da niyyar in rage musu cutarwar gwargwadon iko? Ina kuma son jin ta bakin masu ilimin addini, domin ban san matsayin kuɗin da zan riƙa cirewa a matsayin kasona ba, idan har ni kaina ban san abin da zan sa yaran su kalla ba.

Almajirin Malam, daga Sakkwato:

Malam Abu Fatima, Allah ya ƙara maka tsoron Sa, domin ba kowa ne yake tsayawa ya yi wannan tambayar ba idan dala ta bayyana. Ni ɗalibi ne, abin da zan faɗa kuma yana cikin abin da ake karantawa a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, sai ka kai shi gaban malaman garinku su tabbatar maka.

Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa aikin ya zama sananne, ladan ma ya zama sananne, ga ɓangarorin biyu tun kafin a ƙulla. Yarjejeniyar da ka kwatanta tana da rauni ta duka fuskokin biyu. Ba a bayyana aikin ba, tunda cewa wasu hotuna suna iya tayar da hankali bai gaya wa yaro cewa zai iya ganin ana yanka mutum ko ana lalata da ƙaramin yaro ba. Yardar da ya bayar a kan abin da aka ɓoye masa kuwa ba cikakkiyar yarda ba ce. Ladan ma bai tabbata ba, tunda ɓangare ɗaya ne yake da ikon cewa wannan aikin ya karɓu, wannan bai karɓu ba, bayan an riga an yi shi. A cikin hadisin ƙudsi da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya ce mutum uku Shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki daga gare shi, sannan bai ba shi ladansa ba. Idan kamfani ya ƙi biyan aikin da ya ce bai yi daidai ba amma ya riƙe shi yana amfani da shi, to, a duba wannan hadisi da kyau. Kuma tunda takarda ta ce kai ne mai ɗaukar yaran, kai ne za a fara tambaya.

Dillanci halal ne, kason dillali ma halal ne, idan an san shi kuma an yarda da shi. Saboda haka ka faɗa wa yaran nawa kamfanin yake biya da nawa kake cirewa, kada ka yi musu abin da ake zargin an yi wa na Nairobi, inda mai aikin bai san abin da ake karɓa a kansa ba. Hujjar cewa idan ban yi ba wani zai yi, ita kaɗai ba ta halatta komai, domin da ita kowane mai tauye mudu yake kare kansa. Tana yin nauyi ne kawai idan shigarka ta canza wani abu a zahiri, wato ka sami sharuɗɗan da wancan ba zai nema ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da waɗanda suke ƙarƙashin ikon mutum kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, idan kuma an ɗora musu to a taimake su. Wannan taimakon ba alfarma ba ne da za ka yi idan ka sami sarari, sharaɗi ne na shigarka.

Ina tare da Baban Amira a kan cewa aikin kansa yana da amfani ga al'umma. Binciken da BBC ta yi a 2018 ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura wutar rikici a Jihar Filato, kuma tsare jama'a daga irin wannan aiki ne mai lada. Amma kasancewar aiki yana kare al'umma dalili ne na a girmama mai yin sa a kuma kare shi, ba dalilin a yi masa rowa ba.

Maman Ihsan, ma'aikaciyar jinya, daga Kano:

Malam Abu Fatima, ina aiki a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma zan yi magana ne a kan abin da ya shafi lafiya kawai. Ciwon da Hajiya ta ambata ba ya bayyana a makon farko. Yaro zai ce maka lafiyarsa ƙalau, domin yana tsoron rasa aikin kuma yana jin kunyar a ce ya cika raki. Sai bayan watanni za a ga ya daina barci, yana zabura idan an buga ƙofa, ya daina cin nama, yana faɗa da matarsa ba dalili, ko uwa ta kasa barin kowa ya ɗauki ɗanta. A gidajenmu idan aka ga haka, sau da yawa iska ko sammu ake fara zargi, kuma idan an hana shi faɗin abin da yake gani a wurin aiki, babu yadda iyalinsa za su haɗa abubuwan biyu. Saboda haka sharaɗin rufe baki shi ne na farko da zan ce kada ka yarda da shi yadda yake. A sirranta sunan kamfani da bayanan masu amfani da shafin, amma a rubuta cewa yaro yana da damar faɗa wa likita da iyalinsa da lauyansa halin da yake ciki.

Ka kuma sani cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, kuma a yankinku sai an je Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna. Idan kamfanin bai ware kuɗin ganin ƙwararre mai zaman kansa ba, wanda ba ya kai wa shugabannin aiki rahoto, kuma wanda yaro zai ci gaba da gani ko bayan kwangila ta ƙare, to daga aljihunka ko na iyayensa kuɗin zai fito.

Abin da nake ganin za ka iya yi shi ne ka raba aikin gida biyu. Rarraba rubutun Hausa na zagi da kalaman ƙiyayya yana da nauyinsa, amma ba ɗaya yake da kallon bidiyon kisa ko na cin zarafin yara ba. Ka nemi su turo maka samfurin aikin na gaskiya, ka zauna ka yi shi da kanka na wuni guda kafin ka sa ɗan kowa. Idan za ka karɓa, ka karɓi ɓangaren rubutu, ka ƙi na hotuna da bidiyo, sai idan sun yarda a rubuce da taƙaita awannin kallo a rana, da dusashe hotuna da kashe sauti sai an bukaci gani, da damar yaro ya tsallake abin da ya fi ƙarfinsa ba tare da an rage masa kuɗi ba. Ka nemi a rubuta sanarwar wata guda kafin dakatar da aiki ko kuɗin wata guda a madadinta, da kuma hanyar da za a sake duba aikin da aka ce bai karɓu ba. Ka kai takardar wurin lauyan da ya san dokar ƙwadago kafin ka sa hannu, kuma kada ka ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba ko wanda rikici ya taɓa rutsawa da shi ko da danginsa, domin su ne irin waɗannan hotuna suka fi saurin kayarwa.